Tela Ya Je Tambayar Harajin Gado

Tela ya ja kujera a ofishin haraji, ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, kawuna ya rasu ya bar min 'yan kuɗi. Matata har ta yi cinikin firji. Akwai haraji a kai?"

Jami'in ya duba takardar, ya yi masa ta'aziyya. "Wannan ɗan gadon? Ko sisi ba za mu taɓa ba."

Tela ya yi hamdala ya miƙe, murna ta kwance masa baki. "Shekara goma sha takwas ina ɗinki a shagona, ban taɓa tako nan ba. Ashe haka kuke da kirki!"

Jami'in ya ɗago kai a hankali, ya jawo wani fom.

"Shekara nawa ka ce? Koma ka zauna, Malam."