Ranar da Na Juye Man Kat-kat

Ina kwance ƙarƙashin mota, baƙin mai yana tsiyaya cikin tasa, sai matata ta dafa ƙofa ta ce, "Maigida, lokaci ya yi."

Tsohuwar kat-kat ɗin nan lafiyarta lau. Ni ne sarkin dabara, na ce rigakafi ya fi magani, na buɗe mata ciki don kada ta ba mu kunya ranar haihuwa. Sabon mai kuwa ban ma sayo ba.

A amalanken jakin maƙwabci aka kai matata asibitin Madarunfa, ina biye da gudu.

Da jariri ya yi kuka, na miƙa hannu, jikina duk baƙin mai. Ungozoma ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam bakanike, je ka kira mana uban ɗan."