Darasin Hanta

Tun da aka hana koyon likitanci da gawa, kwafin jikin majinyata masu rai ake kawo wa ɗalibai, da cutar da komai. Fuska kawai ake shafewa.

Malam Ɗanjuma ya yaye zanen da aka rufe jikin da shi. "Hanta za mu duba. Mai jikin nan ba za ta ga azumi ba. Tasalla, fara."

Tasalla ta matso da aska, sai ta ga tabon ƙunar tanda a wuyan hannun. Hannun Innarta ne, wanda ya miƙo mata waina da safe. Ita 'yar fari ce, Inna ba ta ko kiran sunanta, balle ta gaya mata ciwonta.

"Me kike jira?" in ji malamin.

Azumi saura kwana tara.