Ganye Ɗaya Duk Asabar

Baba Mordecai ya miƙa wa Malama Happiness wani ganye.

"Wannan fa, Baba, maganin mene ne?" ta tambaya tana buɗe littafinta.

Shekara guda ke nan malamar bayolojin tana zuwa Bomo daga Samaru duk Asabar, tana rubuta tsirran magani domin ajin matan ƙauye. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse birane, malamar kaɗai ke yi masa sallama. Shi ya sa ganye ɗaya tak yake ba ta kowane zuwa, ya ja bayani har la'asar. Sabara, marke, kalgo, duk sun ƙare. Na yau ciyawar bakin rijiya ce kawai.

Har ya buɗe baki zai ce na zazzaɓi ne, sai ya tuna duk abin da ya faɗa mata matan ajin za su dafa wa jarirai.

"'Yata, ba ya maganin komai," ya ce, kansa a ƙasa. "Sanina ya ƙare tun makon jiya. Tsoro nake ji ki daina zuwa."

Ta rufe littafinta. Can ta ciro wani bugaggen littafi daga jaka, ga hotonsa a bangon littafin.

"Baba, tun bikin Ista aikin ya kammala. Na ɓoye maka ne kar ka sallame ni. Ni ma in na koma ɗaki, ba mai ce mini sannu da zuwa."

Ya dube ta, sannan ya yar da ciyawar.

"To, tashi ki ɗora mana shayi."