Nonon da Ake Zubarwa

Da hantsi ne, ana yayyafi a Bukan Sidi, tsohuwa ta shiga ɗakin matar ɗanta da ƙoƙo a hannu. Jiya aka haifa mata jika na uku. Ta zo ne ta tatse nonon farko, mai kaurin nan ruwan ɗorawa, ta zubar kamar yadda ta gada. Haka ta yi wa biyun farko. Dukansu gudawa ce ta fara kama su, sai cututtuka suka yi ta shigowa, ba wanda ya kai yaye.

A ɗakin ta tarar da Bafillatanar da ke kawo musu saiwoyin magani, ta fake wa ruwa.

"Inna, ƙoƙon na mene ne?" in ji Bafillatana.

"Dauɗa zan fitar, kada ta ɓata wa yaro ciki."

"Dauɗa? Mu a ruga, maraƙin da bai sha wannan ba da wuya ya ga kaka. Shi ke gyara hanji, cuta ta zo ta rasa ƙofa."

Mai jego ta juya fuska bango.

Tsohuwa ta daɗe tana kallon tsakar gida, inda 'yar akuyar da aka haifa shekaranjiya ke tsotson uwarta, ba wanda ya tatse mata komai.

Ta kife ƙoƙon. Ta ɗauki jaririn ta kai bakinsa ga nono, ta tokare wa uwar hannu da matashi. Uwar ba ta dube ta ba. Tsohuwa ta sakar musu labule saboda feshin ruwa, ta fita.