Ramin da Baba Ya Haƙa

Ina yarinya cutar zomaye ta shigo unguwarmu, Hayyin Ashir, ta kashe duk waɗanda muke kiwo a saman bene. Na sha kuka. Bayan la'asar Baba ya zuba su a buhu, muka taka har bakin sahara, ya kama haƙa rami. Warin buhun ya ishe ni.

Na ce, "Baba, mu jefar da su mana, khalas, shi ke nan!"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Uwata, akwai zomayen daji a nan. In cutar ta kama su, wa zai yi musu kuka?"

Sai da ramin ya kai masa ƙugu ya binne su.

Ban taɓa ganin zomo ko ɗaya a wurin ba. Amma har yau in na wuce a mota nakan leƙa, in ce Allah Ya jiƙan Baba.