Layi na Uku

Na danna "share", sai Iya ta ɓace daga fuskar kwamfutar.

Ni na rubuta dokar da hannuna. A manhajar da muke ginawa, kowane mutum ɗigo ne, kowace dangantaka kuma layi ce mai haɗa ɗigo biyu. Layi iri biyu muka amince da su: haihuwa da aure. Ɗigon da ba layi a jikinsa shara ne. Da danginmu na gwada, don su na fi sani.

Abin da ya tsaya mini a rai, ba abin da ya motsa. Mu tara 'yan ɗakinmu muna nan rataye da iyayenmu, tsaf.

Shugaban sashenmu ya leƙo. "Madalla! Gobe mu miƙa aiki."

"Ranka ya daɗe, mutum fa ta share."

"Yana da layi?"

"Babu."

"To, ina matsalar?"

Na fita baranda na kira mahaifiyata. "Umma, wai mece ce Iya a wurinmu?"

Ta yi dariya. "Yau kuma? Ba mu haɗa jini ba. Maƙwabciya ce da Allah bai ba haihuwa ba. Ita dai ta goya ku, ku taran nan, har bayanta ya ranƙwafa."

Na dawo na ƙara layi na uku: goyo. Na zo mayar da ita, sai manhajar ta nemi cikakken suna, wata dokar da na kafa jiya.

Yatsuna suka tsaya cak. Shekara biyu na yi a bayan matar nan, talatin a gabanta, ban taɓa tambaya ba.