Ƙwayoyin da Alhaji Faruk Ya Murƙushe

"Ɗan ƙwaya! Da rana tsaka kake maye?"

Alhaji Faruk ya fizge ƙullin magani daga hannun mutumin da ya bangaje shi a tashar Gusau, ya murƙushe ƙwayoyin da takalmi.

Mutumin ya dafa bango. "Alhaji, maganin jiri ne. Ciwon cikin kunne gare ni. In ban sha ba, sama da ƙasa juya mini suke."

"Ƙarya kake, mashayin banza!"

Alhaji ya shige motar Tsafe yana huci, ya hakimce a gaba. Mota ta cika, aka rufe ƙofa.

Sai ga mutumin nan yana tangaɗi. Ya zauna a kujerar direba, ya tada mota.

"Alhaji, ka riƙa nuna mini inda titi yake."